Takalmin golf mai ƙusa ko marar ƙusa, da wanne zan tafi Yawunde?

Ɗan Rumde: Salamu alaikum jama'ar gida, an wuni lafiya, ya ruwa. Tambaya gare ni ga manyanmu da suka riga mu riƙe sanda. Wata takwas ke nan da na fara koyon golf, mu huɗu ne nan Garwa muke ɗan bugawa duk asabar da safe, da rani a kan rairayin bakin Binuwai, da ruwa ya cika muka hau wani fako mai tsakuwa can bayan kartiyenmu, takalmin basket ɗina na yawo nake sawa kuma ban taɓa jin wani abu ba. Toh yanzu patiron ɗina ya ce cikin watan goma zai tafi da ni Yawunde mu buga rami 18 a fili na gaske mai ciyawa, karon farko a rayuwata. Jiya na shiga gwanjo a babbar kasuwa na ga wasu takalman golf na fata fari da baƙi, masu ƙusoshin ƙarfe a ƙasa, mai su ya ce sefa 15,000 amma na san zai bari a 10,000. In saya ne ko basket ɗin nan ya ishe ni? Wai da gaske ƙusa tana ƙara wa mutum bugu ko ado ne kawai?

Coton Har Abada: Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka ɓata kuɗinka, ba kana da kirampon na ƙwallo ba? Ai ciyawa ciyawa ce, abin da ya riƙe ɗan wasa a filin ƙwallon Rumde Ajiya zai riƙe ka a Yawunde

Alhajin Briketeri: A'a don Allah kar ka kawo kirampon na balo nan. Haƙoransa dogaye ne masu kauri, an yi su ne don gudu da birki, in ka taka girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin ƙwallo, da su rami za ka bari a duk taku, ba mai barinka ka hau. Kuma za su ɗaga ka sama da ƙasa sosai, tsayuwarka duk ta canza. Na ƙarfen nan ma da ka gani a gwanjo, kafin ka ba da ko dala ka sa patiron ɗinka ya tambayi masu filin da za ku je ko suna yarda da su, don mafi yawan filaye a duniya sun hana ƙusar ƙarfe tun wajajen ƙarshen shekarun 1990, shi ya sa ma kake ganinsu a gwanjo da araha.

Ɗan Rumde: Ikon Allah, Alhaji ban san an hana ba wlh. Me ya sa?

Alhajin Briketeri: Girin suke ɓatawa. Ciyawar girin ana aske ta ne ƙasa ƙasa kamar darduma, mutum ɗaya in ya ja ƙafa da ƙusar ƙarfe sai ya tayar da ɗan tsiro, na bayansa ya zo ya tura ƙwallo daidai, ƙwallon ya ci karo da wannan ya kauce. Ramin nan faɗinsa milimita 108 ne kacal, ɗan abu kaɗan ya isa. Banda haka suna cin daɓen ɗaki da katakon gada, kuma a kan siminti ko tayil santsi gare su kamar me. Wajen 1993 aka fito da na roba, daga baya aka yi masu yatsu kamar ƙafar gizo-gizo, cikin ƴan shekaru suka kori na ƙarfe.

Baban Hanifa Marwa: Ni fa ra'ayina daban, kuma ku yi haƙuri. Duk wannan maganar ƙusa ta wuce zamani. A Masters, babbar gasar golf ta Amurka, na 2010 Fred Couples yana da shekara 50 ya fito da takalmin Ecco marar ƙusa ko ɗaya, kamar na zuwa kasuwa, ko safa bai sa ba, ya gama rami 18 da bugu 66 kacal ranar farko ya hau kan kowa. Filin Augusta da ake yin gasar kuwa tudu da gangare ne. Tun daga ranar kamfanoni suka rufu a kan marar ƙusa. In dattijo ya yi haka a gaban duniya, yaron da wata takwas ya yi yana koyo mene ne zai yi da ƙusa? Ka je da basket ɗinka kawai, kuɗin ka sayi ƙwallaye don za ka zubar da su da yawa a daji.

Tsohon Kadi: Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan magana ya ce in sa baki, shi yake rubuta mini. Ni na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin kadi, wato ɗaukar wa ƴan wasa jakar sanduna, a kudu kafin gwiwa ta dawo da ni gida Garwa, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa. Baban Hanifa abin da ka faɗa a kan bawan Allahn nan gaskiya ne, amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Takalmin golf marar ƙusa ba basket ba ne. Ka juya ƙasansa ka gani, cike yake da ƴan ƙuraje na roba da aka jera su don su hana ƙafa murɗawa gefe, tafinsa mai faɗi ne kuma ba ya lotsawa. Basket na gudu an yi shi ne don tafiya gaba, dunduniyarsa tudu ce mai laushi kamar katifa, in ka juya jiki da ƙarfi sai ƙafarka ta kwanta gefe a cikinsa. Na biyu kuma, yaron nan cikin watan goma zai je. Wanda ya san Yawunde ya san watan tara da na goma ruwa ne ba dare ba rana, jar ƙasar nan tasu in ta jiƙa kamar an zuba kuɓewa take, filin golf kuma irin na Mont Febe da ke can a jikin dutse yake, da ƙyar ka samu inda ƙafafunka biyu suke daidai. Ko ba a yi ruwa ba raɓar safe kaɗai ta isa.

Ɗana bari in gaya maka yadda abin yake, don in ka gane wannan kai da kanka za ka zaɓi takalmi. Ka taɓa kallon ƴan kokawa? Kafin a kama juna me suke yi, ƙafa suke kafawa a ƙasa. Mai faskare ma haka, mai daka ma haka. Ƙarfin bugu ba daga hannu yake fitowa ba, ƙasa kake turawa ita kuma ta mayar maka. In kai badame ne, lokacin da ka ɗaga sanda baya nauyinka yana taruwa a cikin ƙafar dama, ta gefen babban yatsa zuwa dunduniya, ƙafar tana so ta murɗe waje amma ƙasa ta riƙe ta, wannan riƙon shi ne yake ɗaure ƙugunka kamar an ja danƙo. Kafin ma sanda ta gama kaiwa sama nauyi ya fara komawa ƙafar hagu, ka danna ta, ƙugu ya buɗe, sannan kafaɗa, sannan hannu, sanda ce ta ƙarshe. To in ƙafar dama ta zame ko da faɗin yatsa biyu ne a daidai wannan lokaci, jikinka ya sauka ƙasa kaɗan, sanda sai ta haƙi ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo, ko ka yi saurin miƙewa don kar ka faɗi ta shafi kansa ya tafi yana birgima. Amma wannan ma ba shi ne babbar ɓarnar ba. Babbar ita ce in ka zame sau ɗaya a rami na biyu, jikinka ba ya mantawa, sauran rami 16 duk da tsoro za ka buga su, da hannu kawai, ba ka yarda ka saki ƙugu. Na ga manyan mutane masu bugu mai kyau sun lalace rana guda saboda haka, suna ta zagin sanda, ni ina bayansu ina kallon ƙafa na san ba sanda ba ce.

Ɗan Rumde: Baba Allah ya ƙara girma, Allah ya ba da lafiyar gwiwa. Wlh abin da ka ce na kwanciyar ƙafa a cikin basket ina jinsa in na ɗauki babbar sanda, na ɗauka ni ne ban iya tsayuwa ba

Baban Hanifa Marwa: Baba na ji kuma na yarda da maganar basket, na yi kuskure a nan. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Scottie Scheffler fa? Duk wanda ke kallo ya san in ya buga ƙafarsa ta dama jan ta yake baya kamar mai shara, wani lokaci ta hagun ma ta tashi, kuma mutumin nan ya ci Masters a 2022 ya sake ci a 2024. In zamewa ce ke kashe bugu yaya shi tasa ba ta kashe shi ba?

Tsohon Kadi: Jikana ya nuna mini shi a waya a hankali mun kalla sau da yawa. Ka sake kallo ka lura da LOKACIN da ƙafar take tafiya. Lokacin da ya ɗaga sanda ƙafar dama a kafe take daram, sai da ya gama tura ƙasa ya kwashe nauyin ya kai hagu sannan ta bi shi, lokacin ba kaya a kanta. Wannan shi ya sake ta da kansa, kuma kullum iri ɗaya take tafiya. Wadda nake magana ita ce wadda ƙasa ta ƙwace maka ƙafa kana tsakar dogara da ita, yau ta tafi gobe ba ta tafi ba, ba ka san ranar ba.

Baban Hanifa Marwa: Toh wannan kam ban taɓa lura ba, zan koma in kalla

Ɗan Shagwa Injamena: Jama'a ina ta karantawa, bari mu na Chadi mu ce wani abu. Duk maganar da ake ta ciyawa ce, amma yawancinmu nan arewa ba a kan ciyawa muke bugawa ba, kuma a kan fako abin juyewa yake. Ni na taɓa sayen mai ƙusar roba na fita da shi inda muke bugawa bayan gari cikin watan uku, ƙasa ta bushe ƙamas kamar siminti, ƙusar ba ta da inda za ta shiga sai ka ji kana tsaye a kan ƴan duwatsu bakwai maimakon tafin ƙafarka duka, riƙon ma ya fi raguwa, ga ciwon tafin ƙafa da yamma, kuma cikin fita biyar ko shida yatsun robar duk sun cinye. Tun daga nan marar ƙusa nake sawa mai faffaɗan tafi. Kuma inda ake yin girin na yashi da ake kwaɓawa da mai a daddaɓe, irin wanda aka daɗe ana yi a filayen arewacin Najeriya, can ma shafaffen takalmi ake so, ƙusa tona shi take. Saboda haka ɗan'uwa in ka sayi mai ƙusa ka sani na tafiya ne, in ka dawo Garwa ka ajiye shi.

Tsohon Kadi: Gaskiyarka ɗana. Ƙusa sai inda za ta nutse.

Baban Hanifa Marwa: Mu nan Marwa ai har kala uku gare mu, rairayin mayo, wato kogi, in ya ƙafe, fako, sai karal inda ake dasa masakwa. Karal da rani tsagewa yake har ƙwallo ya faɗa ciki, da damina kuwa in ka taka laka za ta kama takalmin ta yi maka wani tafi a ƙasa, ko ƙusa ɗari gare ka ba amfani

Alhajin Briketeri: Wannan ma abu ne da ya kamata yaron ya sani don a nan ma yana faruwa. Jar laka da yankakkiyar ciyawa suna cushewa tsakanin ƙusoshi, bayan rami uku ka ɗaga ƙafa ka ga ƙasan takalmin ya shafe sumul. Ka riƙa sa ɗan tsinken ti, wanda ake ɗora ƙwallo a kai, a aljihu kana sakace su kafin kowane babban bugu, minti ɗaya bai kai ba. Kadi nagari ma shi zai tuna maka.

Mai Gyaran Takalmi Kusiri: Assalamu alaikum, ni ban taɓa buga golf ba amma takalmi sana'ata ce tun ina yaro, kuma irin waɗannan sun sha zuwa hannuna daga masu aiki a hayin Injamena. Ɗan Rumde kafin ka sayi na gwanjon nan yi abu uku. Kama shi da hannu biyu ka lanƙwasa sosai, in ka ga tafin yana tsattsagewa ko wani gari yana zuba ajiye shi, akwai wata irin roba da in ta daɗe a ajiye ruɓewa take daga ciki, waje kyakkyawa amma rana ɗaya za ta warwatse maka a hanya kuma ba ta ɗinkuwa ba ta jin gam. Takalmi mai ƙusar ƙarfe kuwa ka san ya kwana biyu a duniya. Sai ka duba ramukan da ake ɗaura ƙusar, in sun yi tsatsa sun haɗe da ƙusar to wahala ce, wani lokaci sai mun jiƙa da mai ya kwana mu kama da filaya, wani ya fito wani ya karye a ciki. In ramin ya lalace shi ke nan. Kuma zafinmu na nan da yake wuce 40 a watan uku da na huɗu yana sakin gam, kar ka bar shi cikin but ɗin mota ko ɗakin kwano.

Ɗan Rumde: Mersi Malam. Toh in tafin lafiya yake ba za a iya cire na ƙarfen a sa na roba ba?

Alhajin Briketeri: Ana yi. Tsofaffin nan yawanci zare ne irin na noti, kuma akwai na roba masu irin wannan zaren. Amma ka kiyaye, ƙusoshin ba iri ɗaya ba ne, akwai masu zare, akwai waɗanda ake murɗawa kaɗan su yi ƙas su kulle kamar Fast Twist da Q-Lok, wani ba ya shiga ramin wani. Ka cire guda ɗaya ka ɗauki hotonta ta baya ka turo mini in duba maka a nan. Akwai ɗan makulli mai haƙori biyu da ake kwance su da shi. Masu yin su suna cewa a canza bayan an zaga fili sau 15 zuwa 20, ni dai ina duba na gefen babban yatsan dama da na dunduniyar hagu, su suke fara cinyewa.

Coton Har Abada: Ni dai har yanzu mamaki nake, duk wannan dogon bayani a kan wasan da ba gudu ba tsalle, tafiya kawai ake ana hira

Alhajin Briketeri: Ranka ya daɗe tafiyar ma ba ƙarama ba ce, rami 18 a ƙafa za ka yi kilomita 8 ko fiye, awa huɗu zuwa biyar kana hawa kana sauka. Kuma kan babbar sanda a hannun ƙwararru yana kai kilomita 180 a awa lokacin da zai sadu da ƙwallo, duk wannan juyin a kan tafin ƙafa biyu yake tsaye. Ka zo Yawunde in ba ka sanda ka gwada guda goma ka ji inda zai yi maka ciwo washegari.

Adda Kine Ngaundere: Salamu alaikum, Baba Tsohon Kadi ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki. Ni aikina gashi da motsa gaɓoɓin masu rauni ne, kuma maigidana yana bugawa, shi ya sa nake cikin gidan nan. Ina so in ja hankali kan ɗaya gefen don kowa yana ta maganar riƙo kamar duk yadda ya yi yawa alheri ne. In takalmi ya kafe ƙafar hagu ƙam ba ta motsi ko kaɗan, ƙugu kuma ya juya da ƙarfi, murɗawar nan dole ta sauka wani wuri, kuma gwiwa ce a tsakiya. Gwiwa an halicce ta ne ta lanƙwashe gaba da baya, ba ta son murɗa. Yaro mai shekara ashirin da wani abu ba zai ji ba yanzu, amma iyayenmu masu hamsin da sittin da ƙugunsu ya riga ya yi tauri su ne nake ji wa. Ku tuna Tiger Woods, gwiwar hagun nan aka yi ta yi masa aiki a kanta, gasar US Open ta 2008 da ya ci da tsinkakkiyar jijiya a gwiwa da tsagewar ƙashi a ƙafar ya buga shi. Ban ce takalmi ne ya jawo masa ba, ina nuna muku ne inda nauyin wasan nan yake sauka. Abin da nake gaya wa maigidana, ya ɗan buɗe yatsun ƙafar hagu waje su kalli wajen da ƙwallo zai tafi kaɗan, kar ya ajiye ta a miƙe sambal, kuma in ya gama bugu ya bar dunduniyar dama ta tashi da kanta. In fili a bushe yake ya sa marar ƙusa.

Tsohon Kadi: Lafiya lau ƴata, Allah ya yi albarka. Maganarki dutse. Buɗe ƙafar hagu tun da can haka ake koyarwa, amma masu koyo suna mantawa.

Baban Hanifa Marwa: Tunda Adda ta ambaci Tiger, ku tuna bayan haɗarin motar da ya yi a watan biyu na 2021 da ya farfasa masa ƙafar dama, da ya dawo Masters a 2022 ba takalmin Nike ya sa ba duk da a lokacin su ne suke ɗaukar nauyinsa shekara da shekaru, FootJoy ya sa, ya ce yana bukatar abin da zai fi riƙe masa ƙafa saboda ƙarafan da ke ciki. Wannan kam hujja ce a kaina ba a gare ni ba, amma gaskiya ce dole in faɗa. Har yanzu kuma akwai ƙwararru ƴan kaɗan da ke sa na ƙarfe a gasarsu, su an bar musu

Ɗan Rumde: Wata tambayar kuma, in wuri yana da santsi sosai ba zan iya shimfiɗa ɗan tawul ko buhu in taka ba? Nan in rairayi ya yi laushi haka muke yi

Alhajin Briketeri: Kul! A wasanku na asabar ku yi abinku, amma a fili doka ta hana mutum ya gina wa kansa wurin tsayuwa. An yarda ka kafa ƙafa da kyau, a ramin yashi ma ka ɗan murza su su nutse daidai misali, amma ba ka sa wani abu a ƙasa ko ka tara ƙasa da ƙafa ka yi matakala. A 1987 a San Diego Craig Stadler ƙwallonsa ya shiga ƙarƙashin itace sai da ya durƙusa, ya shimfiɗa tawul don kar wandonsa ya ɓaci, masu kallo a talabijin suka buga waya, ƙarshenta aka fitar da shi daga gasar gaba ɗaya don ya riga ya sa hannu a katin da ake rubuta yawan bugunsa ba tare da ya rubuta hukuncin ba. Abin da aka sassauta shi ne na girin, tun 1 ga Janairu 2019 an yarda ka gyara sawun ƙusa da ke kan hanyar ƙwallonka, da can haramun ne ko taɓawa. Duk da haka ɗaga ƙafa ake a girin, ba a ja, kuma ba a taka tsakanin ƙwallon wani da rami, wannan ka riƙe shi da kyau don patiron ɗinka zai lura.

Tsohon Kadi: Ƙari a kan ramin yashi, tunda kai ɗan rairayi ne a nan za ka fi su. In ka nutsa ƙafa ka sauka ƙasa da ƙwallo ke nan, to sai ka ɗan sauko da riƙon sandar daidai yadda ka nutse. Kuma da tafin ƙafarka za ka gane yashin, jiƙaƙƙe ne mai tauri ko mai laushi, tunda an hana ka taɓa shi da sanda don gwaji. A gangare kuma in ƙwallo ya fi ƙafarka tudu zai ja hagu, in ƙafarka ta fi shi tudu zai tafi dama kuma nauyinka zai rinjaya kan yatsu, sai ka ƙara lanƙwasa gwiwa ka zauna kan dunduniya, ka ɗauki sanda mai tsawo ɗaya sama da wadda ka saba ka buga da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka. Mai ƙusa ma haka zai yi. Abu na ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu damina ce ciyawa ta fito ko'ina a Garwa, gobe da asuba bayan salla ka nemi gangare mai ciyawa da raɓa, ka buga ashirin da basket ɗinka, ka zo ka gaya mini sau nawa ƙafar dama ta tafi. In ka samu takalmin ma ka yi ta yawo da shi sati biyu a kan ƙasa mai laushi, fata sabuwa ko tsohuwa in ta bushe sai ta sale maka dunduniya kafin rami na tara. Wani lokaci kuma ka cire takalmin gaba ɗaya ka buga a hankali ƙafa tsirara a kan rairayi, za ka ji duk inda nauyinka yake bi, amma ka duba ƙarangiya.

Ɗan Rumde: Jama'a barkanmu da safiya, na dawo da rahoto. Baba na yi yadda ka ce jiya da asuba, an yi yayyafi da dare, cikin ashirin sau bakwai ƙafar dama ta tafi, biyu har sai da na dafa ƙasa, kuma daga na goma na ji da kaina ina rage ƙarfi ba tare da na yi niyya ba, abin da ka faɗa sak. Da rana na koma kasuwa na lanƙwasa takalmin kamar yadda Malam na Kusiri ya ce, tafin fata ne ɗinkakke ba roba ba, bai tsage ba, an bar mini 9,000. Na kai wa mai gyara a kartiye ya cire guda ɗaya da filaya ta fito lafiya, mai zare ce, wasu biyu a dunduniya sun ƙi motsi ya zuba musu mai ya ce in dawo jibi. Alhaji na tura maka hoton ta waya.

Mai Gyaran Takalmi Kusiri: Madalla. Ka ce masa kar ya sa wuta don ya sassauta su, fatar za ta ƙone. Kuma ka shafa mata man kaɗanya ko cirage marar kala ta sha kwana biyu kafin ka fara sawa, ruwan Yawunde zai same ta

Alhajin Briketeri: Na ga hoton, ƙaramin zare ne, ina da irinsu na roba a gida ragowar fakiti amma ba za su kai ba, ƙirga mini ramuka nawa ne a kowace ƙafa in cika sauran. Akwai yaron kartiyenmu da zai hau tiren, jirgin ƙasa, ranar laraba zuwa Ngaundere sai in ba shi har da makullin, Adda in ba damuwa ya ajiye wajenki ki sa a motar ajans zuwa Garwa.

Adda Kine Ngaundere: Ba damuwa Alhaji, ya kira ni in ya sauka a tashar tiren, da safe nake fita aiki amma maigidan yana nan

Ɗan Rumde: 11 ne a kowace ƙafa Alhaji, 22 ke nan, in biyun can sun fita. Allah ya saka da alheri. Nawa zan turo?

Alhajin Briketeri: Bar kuɗinka, makullin dai ka dawo mini da shi in ka zo, guda ɗaya gare ni.